Ofishin Karɓar Sababbin Iyalai a Gundumar Makarantunmu ta Ohio: Taurari Uku da Rabi

Duk wanda ya sauka Amurka da yara, kafin ya gano inda ake sayar da manja da daddawa sai ya fara sanin ofishin rajistar makaranta. A gundumar da muke zaune, ɗaya daga cikin waɗanda suka kewaye birnin Columbus a jihar Ohio, ofishi guda ne ke karɓar baƙi. Nan ake yi wa yaro rajista, nan ake auna Turancinsa, su ke nemo tafinta, kuma ta hannunsu ake haɗa mutum da masu kula da yara masu buƙata ta musamman. Na yi hulɗa da su a kan 'ya'yana, na kuma raka mata da yawa, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Kumasi, saboda na koyar a firamare a Zariya kafin mu taso. Har yau "Malama" ake kirana, ko da yake aikin kula da tsofaffi nake yi da dare. Ba zan kama sunan gundumar ba. Taurari uku da rabi na ba su cikin biyar, ga kuma dalilina tun da wuri: duk abin da doka ta yanka wa kwanaki, ta ce a rubuta a aika wa jiha rahoto, ba sa wasa da shi. Abin da doka ta bar wa hankalinsu da tausayinsu kuwa, sai mutum ya tashi tsaye.

Sai an san mai makaranta a ƙasar nan kafin a gane halin ofishin. Gwamnatin tarayya da ke Washington ba ta gina aji, ba ta ɗaukar malami. Ilimi na jihohi ne, jihohi kuma suka raba shi ga gundumomin makarantu, sama da 13,000 a faɗin ƙasar, sama da 600 a Ohio kaɗai. Kowace gunduma da hukumarta, da harajin gidajen da take dogaro da shi. Abin da tarayya ke zubawa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantu ba, amma ɗan kason nan da sharaɗi yake zuwa. Haka abin yake tun dokar 1965 ta zamanin Shugaba Lyndon Johnson, wadda ta ware kuɗi don makarantun 'ya'yan talakawa: karɓi kuɗi, cika ƙa'ida. George W. Bush ya tsaurara a 2002, har aka ce wai zuwa 2014 kowane yaro sai ya kai mizani a karatu da lissafi, abin da bai yiwu ba. A Disambar 2015 Obama ya sa hannu a dokar da ake aiki da ita yanzu, ESSA, wadda ta mayar wa jihohi da linzami. Jiha ta tsara yadda za ta bi dokar, ta kai Washington a amince, sannan ta juyo ta sa wa gundumomi ido. Matar da ke bayan kanta a ofishinmu umurnin da ya gangaro ta wannan hanyar take bi, shi ya sa kowane fom nata yake da gurbin kwanan wata.

A rajista dai ba ni da ta cewa sai yabo. Takardar haihuwa ko fasfo, katin rigakafi, shaidar inda kake zaune kamar takardar haya ko bil ɗin wuta, da katin shaidar uwa ko uba. Shi ke nan. Ban taɓa jin an tambayi wata mace takardun zamanta a ƙasa ba, kuma ba alfarma ba ce: tun 1982 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Texas, ta hana jihohi rufe ƙofar makarantar gwamnati ga yaro saboda iyayensa ba su da takardu. Katin rigakafinmu na gida, duk da ya sha ninki ya yi laushi, nas ɗin ta karɓa ta kwafe allurar da aka yi, ta rubuta waɗanda suka rage, ta nuna mana inda hukumar lafiya ke yin su. Dokar Ohio kwana 14 ta bayar a kawo shaida, su ma abin da suka faɗa mana ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne rajistar wata baiwar Allah da ta zo da yara uku, tana kwana a falon yayanta. Ba haya da sunanta, ba bil, ba komai. Tana ta ɓoye-ɓoye don kunya. Ma'aikaciyar ta yi mata tambaya biyu cikin ladabi, ta ɗaga waya ta kira wani jami'i, kafin mako ya fita yaran suna aji da jakunkuna sababbi. Akwai dokar tarayya ta 1987, McKinney-Vento, da ta ce iyalin da ke raɓe a gidan wasu saboda rashin hali a ɗauki yaransu nan take ko babu takardu, kuma dole kowace gunduma ta ajiye jami'in da wannan ne aikinsa. Mutanenmu da yawa sun cancanci wannan a watanninsu na farko, amma ba sa faɗa.

Sai fom ɗin harshe. Za a tambayi harshen da yaro ya fara koya, da wanda ake yi a gida, da wanda iyaye ke so a riƙa tuntuɓarsu da shi. Da zarar an rubuta Hausa, za a gwada Turancin yaron, ko da kuwa makarantar kuɗi ya yi a Kano. Na san masu rubuta "Turanci" a ko'ina don gudun kada a ware musu ɗa. Ban ba da wannan shawarar ba. Asalin abin shari'a ce ta 1974, ta yaran 'yan asalin Sin a San Francisco, inda Kotun Ƙoli ta ce zaunar da yaro a ajin da ba ya jin harshen da ake koyarwa ba daidaito ba ne, ko da littafi ɗaya da malami ɗaya aka ba su da sauran. Yau yara sama da miliyan 5 ke cikin shirin koyon Turanci na musamman a Amurka. Doka ta ce a sanar da iyaye a rubuce cikin kwana 30 da buɗe makaranta, kuma wasiƙar ɗana na tsakiya ta iso kafin wa'adin, da makinsa, da bayanin cewa ina da ikon ƙin shirin in na ga dama.

Malamar da aka ba su ta san aikinta. 'Yan yara kaɗan take ɗauka a ƙaramin ɗaki, Basomale da ɗan Nepal da nawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda na ga gazawa shi ne fita daga shirin. Duk shekara wajen Fabrairu zuwa Maris suna yin jarrabawar jiha mai suna OELPA, kashi huɗu: saurare, magana, karatu, rubutu. Maki daga 1 zuwa 5 ne, kuma sai yaro ya sami aƙalla 4 a duka huɗun a lokaci guda za a sallame shi. A gaban kwamfuta ake yi, da abin ji a kunne da makirufo a baki. To yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga murya a gaban manya, an zaunar da shi cikin ɗaki tsit an ce ya yi wa na'ura bayanin hoto, me kuke tsammani? Ɗana da ke cika mana gida da surutun Turanci har sai an tsawatar, a sashen magana ya maƙale, don jimla ɗaya yake raɗawa ya danna maɓalli. Malamar ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, ta ce amma ba ta da ikon taɓa makin, na jiha ne. Abin da ta iya shi ne ta riƙa sa su atisaye da makirufon kafin lokaci, kuma ya yi amfani. Ɗaya ƙorafin nawa, lokacin darasin kimiyya ake yawan fitar da su, don karatu da lissafi ba a taɓa su, su ne jiha ke aunawa kowace shekara.

Yanzu ga inda tauraro guda cur ya zube: tafinta. Mai jin Somaliyanci ko Sifaniyanci ko Nepali ko Larabci ya huta, akwai ma'aikata masu jin harshensa, akwai wasiƙu a fassare. Bahaushe kuwa sai ta waya, ta wani kamfani da gundumar ke biya. Maƙwabciyata, Hajiya, 'yar Damagaram ce. Ta yi allo ta yi sauka, amma ba ta taɓa zama ajin boko ba. Suna ganin Nijar a fasfo suka kira mata tafintan Faransanci. Mutumin ya yi ta zuba, Hajiya na kallona, can ta ce, "Malama, wannan me yake faɗi ne?" Da aka gyara aka nemi na Hausa, sai aka ajiye wayar tsakiyar tebur muna sauraron kiɗan jira, ma'aikata na duba agogo. Wanda aka samu daga ƙarshe Hausarsa ba laifi, amma sai jami'a ta yi dogon bayani a kan haƙƙin uwa na ƙin sa hannu, shi kuma ya dunƙule shi ya ce, "Hajiya, sun ce za su taimaki yaron, ki sa hannu." Da ba na wurin, da a haka za a tashi, kuma a takardarsu za a rubuta an samar da tafinta. An kuwa samar. A nan gizo ke saƙar.

Na kuma taɓa ganin an juya ga 'yar Hajiya ta aji shida a bakin kanta an ce ta fassara wa uwarta maganar da ta shafi lafiyar ƙaninta. Na ce a'a, suka ba da haƙuri nan take, don sun san bai dace ba. A 2015 ma'aikatun ilimi da shari'a na tarayya sun fitar da takardar jagora da ta ce kada a dogara da yara wajen yi wa iyaye tafinta. An janye takardar a 2025, amma dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 da aka gina ta a kai tana nan. Matsalar ita ce ESSA, wajen maganar sanar da iyaye cikin harshen da suke ji, cewa ta yi a yi gwargwadon iko. Ba kwanaki, ba adadi. Kowace gunduma ita ke auna ikonta, kuma harshen da masu shi ba su da yawa shi ke kwana a ƙasa.

Labarin ɗan Hajiya shi ya nuna mini ofishin nan ciki da bai. Yaro ne mai shekara bakwai, shiru-shiru, maganarsa ba ta fita sosai ko da Hausa, in an kira shi daga baya sau da yawa ba ya juyowa. Uwar ta yi wa malamar aji magana a bakin ƙofa, ni ma na yi. Amsar ɗaya ce kullum, cikin fara'a: a ba shi lokaci, Turanci ne bai kama ba tukuna. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, don doka da kanta ta hana a lissafa yaro cikin masu naƙasa in rashin Turanci ne asalin matsalarsa, saboda haka suna taka-tsantsan. Amma taka-tsantsan ɗin ya zama jan ƙafa, zangon karatu guda ya wuce a kan "a ba shi lokaci". A gida kuma dangi na cewa a ƙyale shi, kakansa ma bai yi magana da wuri ba.

Sai muka rubuta wasiƙa. Abin kamar an kunna inji. Akwai dokar tarayya ta yara masu naƙasa, wadda aka kafa a 1975, aka sake mata suna IDEA a 1990. Ta ce kowane irin yaron nan daga shekara 3 zuwa 21 yana da haƙƙin ilimi kyauta wanda ya dace da shi. A ƙa'idar Ohio, daga ranar da gunduma ta karɓi buƙatar a binciki yaro tana da kwana 30 ta nemi sa hannun iyaye a fara, ko ta rubuto dalilinta na ƙi. Daga sa hannu, kwana 60 a gama bincike. In an tabbatar yana da buƙata, kwana 30 a zauna a rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, wanda kowa a nan ke kira IEP. Mutanen da suka yi wata da watanni suna murmushi suna cewa a jira, su ne suka koma kiran waya suna neman ranar da Hajiya za ta samu zuwa. Kowane mataki an yi shi cikin wa'adi, wani ma ana saura kwana kaɗan, don jiha na ƙirga waɗannan kwanakin tana kai wa tarayya rahoto, gundumar da ta makara kuma sai ta yi bayani.

Ranar zaman, tebur ya cika: malamar aji, malamar masu buƙata ta musamman, wakilin gunduma, masaniyar halayyar yara, da mai gyaran furuci. Kowa da kwamfutarsa a buɗe, Hajiya ta takure a gefe da mayafinta, an tura mata tulin takardu da ɗan littafin haƙƙin iyaye da Turanci. Binciken ya gano kunnensa na hagu ba ya ji sosai, sanadin ciwon kunnen da ya yi ta fitar da ruwa tun yana goye ba a kula ba. Amma a cikin rahoton na ga an rubuta wai yaron ba ya haɗa ido da manya, an jera shi cikin alamomin da ake zargi. Na ce su dakata. Na gaya musu a wurinmu yaron da ya tsura wa babba ido shi ne mara kunya, wannan sunkuyar da kan da suke gani uwarsa ce ta koya masa, kuma da ƙyar. Masaniyar ta tsaya ta saurara, ta yi tambayoyi, ta gyara layin a gabanmu. Wannan ya ƙara mata daraja a idona. Sai dai na yi ta tunanin yara nawa aka rubuta wa irin wannan layin ba wanda ya ce a dakata.

Abin da aka rubuta masa a tsarin ya yi kyau, kuma dalla-dalla: kujera a gaba ta ɓangaren da kunnen mai lafiya zai fuskanci malama, ƙaramin makirufo da malamar ke maƙalawa a wuya muryarta na zuwa masa kai-tsaye, da adadin mintocin da zai yi da mai gyaran furuci kowane mako. Ko sisi Hajiya ba ta biya ba. A cikin 'yan watanni yaron da ba ya amsa kira ya fara kawo ƙarar yayarsa da cikakkiyar jimla. Ga masu tsoron kada a yi wa ɗansu tambari, ku sani ba a fara komai sai da sa hannunku, ana sake duba tsarin aƙalla sau ɗaya a shekara, ana sabunta binciken duk shekara uku, kuma wata dokar ta 1974 ta hana makaranta baza bayanan yaro, ta ba iyaye ikon ganin fayil ɗinsa cikin kwana 45 da nema. Yara kusan miliyan 7.5 ke samun irin wannan taimakon, wajen kashi 15 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati. Ba abin ɓoyo ba ne a nan.

Amma da sauran rina a kaba. Tsakiyar shekara mai gyaran furucin ta bar aiki, ba a sami madadinta da wuri ba, kuma ba wanda ya sanar da Hajiya. A bakin yaron muka ji, da ya ce ai "antin magana" ta daina zuwa. Muka rubuta muka nemi a nuna mana rajistar zaman da aka yi da wanda ba a yi ba. Suka kawo, suka amsa laifi ba gardama, suka tsara yadda za a rama masa mintocin. Ramawar an yi, amma da ba mu tambaya ba fa? Shugabar sashen ta gaya mana gaskiya cewa ma'aikatan ba sa isa. Na yarda da ita. Lokacin da majalisar tarayya ta kafa dokar yara masu naƙasa, ta sa wa kanta burin biyan har kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan ɗalibi a matsayin gudummawarta ga waɗannan yaran, kuma har yau ko rabin haka ba ta biya. Sauran yana wuyan jiha da harajin gidaje. A Ohio ma tun 1997 Kotun Ƙolin jihar ta ce yadda ake dogara da harajin gidaje wajen ciyar da makarantu ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, ga shi har yanzu kusan duk zaɓe sai ka ga wata gunduma na roƙon mazauna su amince da ƙarin haraji.

A gida Najeriya ma muna da doka, kada a ce ban faɗa ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha ta kawo nata kason ta karɓi na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, sannan SUBEB, takwararta ta jiha, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su aiwatar. Tsarin ya yi kama da na nan ƙwarai, har da jihohin da ke barin kuɗinsu kwance a Abuja don sun kasa kawo nasu rabin. Bambancin da na gani da idona ɗaya ne. A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ganin uwa ta shigo da takarda ta ce kwana kaza doka ta ba ku, saura kaza ba. A nan Hajiya da ba ta karanta boko ba tana iya yi.

In ana so a ga gundumar nan da zafin nama, a jira bazara lokacin jarrabawar jiha. ESSA ta ce a gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa 8 da sau ɗaya a babbar sakandare, a gwada kimiyya sau uku a tsawon karatunsu, kuma aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɗalibai su zauna. Saƙon waya, imel, takarda a jaka: a kwanta da wuri, a karya kumallo. Yaro bai zo ba, kafin hantsi an kira ka. Mu da muka sha jiran tafinta sai muka ga ashe sun iya nemo mutum in suna so. Da sakamakon ne jiha ke fitar da katin makin kowace makaranta a watan Satumba. Da haruffa ake bayarwa, daga A zuwa F, amma tun 2022 aka koma taurari ɗaya zuwa biyar, uku na nufin an cika mizanin jiha. Makarantun da suka faɗa cikin kashi 5 na ƙasa a jerin masu karɓar tallafin talakawa, da sakandaren da sulusin ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa, dole a yi musu shirin gyara na musamman. Ina duba katin, ina kuma ba kowa shawarar ya duba kafin ya kama haya, don adireshinka shi ke zaɓa maka makaranta. Kada dai a tsaya a jimillar taurari, a gangara layin masu koyon Turanci a ga yadda suke ci gaba. 'Ya'yanmu a lissafin launin fata cikin baƙaƙe ake zuba su gaba ɗaya, yaron da ya zo daga Maraɗi bara da wanda kakannin kakanninsa a nan aka haife su, saboda haka wancan layin ba zai gaya muku komai a kan naku ba.

Masu yara a aji uku su kula da karatu. Tun 2012 Ohio ke da dokar da ke hana yaron da bai kai makin karatu ba wucewa aji huɗu. An sassauta a 2023, yanzu iyaye na iya neman a wuce da shi a ci gaba da ba shi ƙarin darasi. Ofishin ya yi mana bayanin wannan da kyau, da Turanci.

Fashin makaranta da awa ake ƙirga shi, ba da kwana ba. Awa 30 a jere ba uzuri, ko 42 a wata, ko 72 a shekara, sunan yaro ya shiga jerin masu fashi, magana na iya kaiwa kotun yara. Mai niyyar kai yara gida ganin kaka ya bari sai dogon hutun Yuni zuwa Agusta. Sallah kuwa an samu sauƙi: tun 2024 dokar jihar ta ba kowane ɗalibi kwana uku a shekara na ibada ba tare da an rubuta masa fashi ba, da sharaɗin iyaye su sanar a rubuce cikin kwanakin karatu 14 na farkon shekara. Ba wanda ya gaya mana a ofishin, a masallaci muka ji. Da na ce musu mu sai an ga wata muke tabbatar da rana, sakatariyar ta ce in rubuta ranar da ake sa rai, in ta motsa in kira. Haka muke yi, ba a taɓa samun matsala ba.

Abinci ba yabo ba fallasa. Fom ɗin cin abinci kyauta ko da rangwame ba wuya, kuma sun sa wa yarana alama a kwamfuta cewa ba sa cin alade, amma naman halal babu, doka ba ta tilasta musu ba, don haka ranar nama sai burodi da cuku. Motar makaranta na zuwa, wani lokaci a makare saboda ƙarancin direbobi, tsayuwa a dusar ƙanƙara da yara kuwa ba daɗi. Ɗakin jira tsaf, da kayan wasan yara. Watan Agusta cunkoso ne, wanda ya iya ya nemi ganawa tun Yuli.

Tun da Shugaba Trump ya sa hannu a umurnin fara rushe ma'aikatar ilimi ta tarayya a Maris 2025, mata ke kirana suna tambaya ko an soke IEP, ko za a fara tambayar takardu a makaranta. Ma'aikatar majalisa ce ta kafa ta a 1979, dokokin nan ma na majalisa ne, hukuncin 1982 kuma na Kotun Ƙoli ne, umurnin shugaba ba ya goge su. A ofishinmu dai kwanakin nan 30 da 60 da 30 suna nan yadda suke, haka ma ƙa'idar IDEA da ta wajabta a samo wa iyaye tafinta a zaman IEP.

Wanda gunduma ta saɓa wa ƙa'idar IDEA yana iya kai ƙara a rubuce ga ma'aikatar ilimi ta jiha, muddin abin bai wuce shekara guda da faruwa ba, jiha kuma na da kwana 60 ta yanke. Mu ba mu kai can ba. Wasu gundumomin Ohio suna da mai ba iyaye shawara, wadda ita ma uwar yaro mai buƙata ta musamman ce, kyauta take raka mutum zama, a tambaya ko taku na da ita. Wasiƙar neman bincike kuma ba ta buƙatar lauya. Tamu layi kaɗan ce: kwanan wata a sama, sunan yaro da ajinsa, abin da uwa ta lura da shi, sai jimlar cewa ina neman a yi masa cikakken bincike a ƙarƙashin IDEA, kuma ina buƙatar tafintan Hausa, ba na Faransanci ba, a kowane zama. Kwafi biyu za a yi, a miƙa ɗaya a ofishin shugaban makaranta, a sa sakatariya ta buga hatimin ranar karɓa a kan ɗayan a dawo da shi gida.